Fumfunar da Gishiri Bai Iya Kashewa: Jawabi ga Malaman Reshe



Shekara da shekaru muna tsayawa gaban allo muna faɗa wa yara cewa gishiri yana hana ruɓa, domin yana tsotse ruwan jikin ƙananan halittu. Gaskiya ne, shi ya sa ake barbaɗa shi ga ɗanyar fata da kifi. Sai dai maganar tana da giɓi, kuma giɓin ne ya tsayar da ni gabanku yau.

A shekarar 2000, Farfesa Nina Gunde-Cimerman ta Jami’ar Ljubljana a ƙasar Sulobeniya da abokan aikinta suka nuna cewa akwai fumfuna mai rayuwa a tafkunan da ake shanya ruwan teku domin samun gishiri. Gishirin ruwan teku kashi 3.5 ne cikin 100. Wata baƙar fumfuna, Hortaea werneckii, tana yaɗuwa a ruwan da gishirinsa ya kusa kashi 30. ’Yar’uwarta, Wallemia ichthyophaga, ta fi ta ban mamaki: in gishiri ya gaza kimanin kashi 10, ba ta tsiro sam. Dabararsu ita ce tara gilisarin a cikin jiki, shi kuwa ya riƙe ruwa, ya hana gishirin waje janye shi.

To, ina ruwan Basakkwace? Ku tuna fatar jar akuyarmu. Ruwan da ke fita daga manyan masana’antun jima, irin na Challawa da Sharaɗa a Kano, cike yake da gishiri, kuma yawancin halittun da ke narkar da ƙazanta ba sa jure shi. Sinadaran inzayim na wannan fumfuna kuwa suna aiki cikin gishiri, don haka masana ke gwada su wajen tsabtace irin wannan ruwa. Ga kuma noman rani a Bakolori da Goronyo: inda rana ke ƙafar da ruwan ban-ruwa, gishiri kan taru a ƙasa. An riga an ɗauki ƙwayar gado daga fumfuna mai jure gishiri, an dasa wa tsiron gwaji, ya ƙara juriya. Amma kada mu yi wa manomi alkawari: aikin yana ɗakin bincike tukuna.

Abin da ke cina shi ne, ga gishirin Foga kusa da Gaya a maƙwabtanmu, ga kanwa a kowace kasuwa, ga sashen nazarin ƙananan halittu a Jami’ar Usmanu Danfodiyo, amma ɗalibinmu yakan gama sakandare bai taɓa leƙa madubin ƙara girma ba.

Roƙona biyu ne. Malamin kimiyya ya jiƙa gutsattsarin burodi da ruwan gishiri mai ƙarfi daban-daban, ya rufe a kwalabe, yara su rubuta wanda ya fara fumfuna; kada a buɗe kwalaben a aji. Reshe kuma ya sa kayan ɗakin gwaji cikin buƙatunsa na zama na gaba da hukuma.