Littafi, Hanya da Fili: Jawabi ga 'Yan'uwa Ɗalibai



An nemi mu yi magana da yawun 'yan tsirarun ɗaliban Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo da ke zaune a nan Minanata, waɗanda aka daɗe ana yi wa kallon masu son yawo da buga tamaula. Ba za mu musanta zargin ba, domin gaskiya ne muna son tafiye-tafiye, muna kuma son wasa. Abin da muka zo mu kare a yau shi ne, waɗannan abubuwa biyu suna da gurbi a cikin karatun ɗalibi, matuƙar ya san abin da ya fita nema da kuma lokacin da ya kamata ya komo gida.

Bari mu fara da hanyar da muka fi sani. Kowace safiya mukan bar Minanata, mu ratsa gari a bas ko a kan kabu-kabu, mu haye gadar Kwalkwalawa, mu isa matsugunin jami'a a Dundaye. An kafa jami'ar nan a 1975 da sunan Jami'ar Sakkwato, aka sake mata suna a 1988, tun daga lokacin da ta tare a can kuwa dubban ɗalibai sun bi wannan hanya safe da yamma. Amma da za a tsayar da mu a tambaye mu abin da manoman fadamar da muke ƙetarawa suke shukawa da rani, ko daga ina ruwan gulbin yake gangarowa, da yawanmu sai dai mu sunkuyar da kai. Sai da ambaliyar 2010 ta yanke hanyar ne waɗanda suka riga mu suka tuna cewa gulbi ne ke tsakaninsu da ɗakin lacca. Watau mutum yana iya yin shekara huɗu yana tafiya kullum bai ga kome ba, saboda bai fita da tambaya a ransa ba.

Magabatan wannan gari ba haka suka ɗauki tafiya ba. Shehu Usmanu, wanda muke karatu a ƙarƙashin sunansa, ya bi malaminsa Malam Jibrila har Agadas don neman ilmi. Da ya soma wa'azi ya zagaya ƙasar Kabi, ya kuma yi shekaru a Zamfara yana karantarwa, kuma a cikin waɗannan tafiye-tafiye ne ya san halin da talakawa ke ciki, sanin da ya bayyana a rubuce-rubucensa. A watan Fabrairu na 1804 jama'arsa ta yi hijira daga Degel zuwa Gudu, da tsofaffi da mata da ƙananan yara, a cikin yaran kuwa har da 'yarsa Nana Asma'u. Ita ce daga baya ta tsara 'Yan Taru, inda jajoji, mata masu malfa a ka, suke jagorantar mata daga ƙauyuka zuwa wurinta, su ɗauki karatu su koma su koyar. 'Yan'uwa mata da ke nan, idan aka ce muku tafiyar neman ilmi baƙuwar al'ada ce gare ku, ga amsa nan a tarihin gidanku.

Abin da ke ba mu kunya shi ne kusancin waɗannan wurare da mu. Hubbaren Shehu yana cikin gari. Sifawa, inda Shehu ya zauna kafin ya komo Sakkwato a 1815, tana nan kusa da Bodinga. Wurno, inda aka binne Sarkin Musulmi Muhammadu Bello a 1837, ana iya zuwa da safe a dawo kafin magariba. Bature Clapperton ya taso daga Ingila har sau biyu don ya ga Bello, a nan Sakkwato ya rasu a 1827. Barth Bajamushe ya iso Wurno da Sakkwato a 1853 bayan ya ƙetare Sahara. Mu kuma da aka haife mu a gindin abin, mukan haddace sunayen wuraren daren jarrabawa, mu zuba su a takarda, mu manta kafin sati ya zagayo.

Mun gwada abin da kanmu, shi ya sa muke magana da ƙarfin gwiwa. A wani hutu mu bakwai muka haɗa kuɗin mota muka tafi Wurno. A cikinmu akwai mai karatun tarihi da mai karatun aikin gona da mai karatun Hausa, kowa kuma ya tafi da tambaya ɗaya rubuce a littafinsa. Mai tarihi ya daɗe yana karanta cewa Bello ya kafa garin ne a matsayin ribaɗi, watau sansanin tsaron iyaka, amma sai da ya tsaya ya dubi yadda garin yake bisa tudu yana kallon kwarin Rima sa'an nan ya gane dalilin zaɓen wurin. Mai aikin gona ya ɓata rabin yininsa a gonar albasa yana tambayar wani dattijo yadda ake adana ta har damina. Mai Hausa ya dawo da kalmomi cike da shafi biyu, waɗanda bai taɓa cin karo da su a ƙamus ba. Abubakar Imam ya je Ingila a 1943, ya dawo ya rubuta littafin da ya raɗa wa suna Tafiya Mabuɗin Ilmi. Mu namu mabuɗin bai wuce kuɗin mota da gorar ruwa ba.

Lalle ne mu faɗi wata gaskiya mai ɗaci a nan. A 'yan shekarun nan waɗansu hanyoyi na gabashi da arewacin jihar ba su biyuwa saboda 'yan bindiga. Alkalawa, babban birnin Gobir da ya faɗi a 1808, tana yankin Sabon Birni, kuma ba za mu ba kowa shawarar ya ɗauki jaka ya nufi can don nishaɗi ba. Duk tafiyar da za a yi, a nemi yardar iyaye, a sanar da hukumar makaranta, a tambayi mutanen wurin halin hanya. Amma rashin zuwa nesa bai zama hujjar ƙin zuwa kusa ba. Ɗalibai nawa ne a wannan taro suka taɓa shiga gidan adana tarihi na Waziri Junaidu, wanda ba ya buƙatar ko kuɗin mota mai yawa?

Sai batun wasa, inda aka fi zarginmu. A nan ma za mu fara da laifinmu. Akwai zangon karatun da ƙwallo ta ɗauke mana hankali, muna buga ta da yamma, da dare kuma mu cika gidan kallo muna gardama a kan ƙungiyoyin Ingila da Sifen waɗanda ba su san da zamanmu ba. Sakamakon jarrabawa ya fito, biyu daga cikinmu suka maimaita darussa, ɗaya kuwa sai da mahaifinsa ya zo har ɗakinmu ya yi mana faɗan da har yau muna jin kunyarsa. Da muka zauna muka yi lissafi, sai muka ga awoyin da muka yi a fili ba su kai rabin waɗanda muka yi a zaune muna kallo ba. Tun daga ranar muka yanka wa kanmu doka: wasa daga bayan la'asar zuwa kiran magariba, kwana uku a sati, kallo kuwa sau ɗaya, sati biyu kafin jarrabawa kuma a ajiye takalma.

Mun ƙi barin filin gaba ɗaya ne saboda mun ga amfaninsa a jikinmu. Duk wanda ya yi karatu a zafin bazarar Sakkwato, lokacin da ma'aunin zafi kan haura 40, ya san cewa jikin da bai saba da wahala ba ba ya iya zaman awa uku a gaban littafi. Har wa yau a filin ne ɗan Ilela da ɗan Yawuri da ɗan Inugu suke koyon miƙa wa juna ƙwallo, su sha kaye tare ba wanda ya zagi wani. Kuma wasa bai tsaya ga ƙwallo ba. Kakanninmu suna da kokawa da dambe da langa, bayan kaka kowane ƙauye yana da dandalinsa. Maƙwabtanmu na Nijar sun ɗauki kokawa da daraja har suka mai da ita gasar ƙasa, wadda aka fara a Tawa a 1975, shekarar da aka kafa jami'armu, zakaran gasar kuwa takobi ake miƙa masa. Mu a nan ɗalibi yana jin nauyin a gan shi yana langa, alhali kuwa ba ta buƙatar riga ko takalmi ko ƙwallo, ga ta da gina ƙafa da numfashi.

Filin wasa kansa yana iya zama aji. Da yawanmu mun shiga filin wasa na Giginya mun yi ihu mun fito, ba mu tambayi ma'anar sunan ba. A Giginya ne rundunar Sarkin Musulmi Attahiru ta tari sojojin Ingila ranar 15 ga Maris 1903, daga nan ya yi gabas da jama'arsa har ya yi shahada a Burmi a watan Yuli na wannan shekara. Ɗan wasan da ya san wannan, in ya taka filin zai taka shi da wata irin natsuwa.

Saboda haka, Shugaba, muna roƙon ƙungiyar ɗalibai abu biyu. A kowane zangon karatu a shirya fita ɗaya ta yini guda zuwa wuri na kusa mai aminci, a roƙi malami ɗaya ya yi rakiya, kowane ɗalibi kuma ya kawo rahoton shafi biyu, a buga waɗanda suka fi kyau a wannan mujalla. Sa'an nan a makon wasanni a ba kokawa da langa rana guda, a kuma ware wa 'yan'uwa mata lokaci da wurin da za su motsa jiki cikin sutura da mutunci. Mu mazauna Minanata mun ɗauki nauyin fita ta farko, zuwa Hubbare da gidan Waziri Junaidu, a ƙafa, ranar Asabar ta biyu bayan an dawo hutu. Za a taru a nan bayan sallar asuba, kowa ya zo da littafin rubutu da ruwan sha.