Lambu a Saman Gini: Nauyi, Ruwa da Zafi

Laccar da aka gabatar a taron matasa da iyaye mata na zango a Kulungugu

 

An nemi in yi magana kan noman kayan miya a cikin bokitai da buhuna a saman gini. Na san akwai mai cewa a ransa: mu 'yan ƙasar albasa za a koya wa lambu? Yana da gaskiyarsa, domin jar albasar Bawku ta yi suna har kasuwannin Kumasi da Akra. Sai dai lambunan nan suna bakin kogi da madatsun ruwa, kuma na masu fili ne. Mutumin zango yawanci ɗan kasuwa ne, gidansa a matse, wani ma haya yake yi. Daga watan Maris zuwa Mayu matarsa kan sayi ƙullin ayoyo da tsada, ko ta koma wa busasshiyar kuka da kuɓewa. A lokutan da aka sa dokar hana fita a Bawku, zuwa kasuwar ma kan zama aiki.

Saboda haka abin da nake kira gare shi ƙarami ne. Lambun saman gini ba zai ciyar da gari ba, ba zai hana motocin albasar Galmi da tumatirin Burkina Faso shigowa ba. Aikinsa ya riƙe tukunyar miyar gida ɗaya a watannin da ɗanyen ganye ke wuya. Hausawa sun ce guntun gatarinka ya fi sari ka ba ni.

Abin ba baƙo ba ne a ƙasar nan. Dattawan da ke zaune a gabana sun ga shirin Operation Feed Yourself na gwamnatin Acheampong a 1972, lokacin da ma'aikata da 'yan makaranta suka mayar da bayan gida gona. A Dakar kuwa, tun 1999 Hukumar Abinci da Aikin Gona ta Majalisar Ɗinkin Duniya da gwamnatin Senegal suka koya wa mata shuka ganye a kan teburan katako, cikin ɓawon gyaɗa da ɓuntun shinkafa, a tsakar gida da saman benaye. Gyaɗa da shinkafa duk muna noma su a nan.

Amfanin sama a wurinmu shi ne akuya ba ta hawa. Kowa ya san wahalar da masu lambun rani ke sha wajen gina katangar laka ko kafa shinge saboda dabbobin da ake saki bayan girbi. Amma sama tana da sharuɗɗa uku.

Na farko nauyi. Litar ruwa kilo ɗaya ce. Bokiti mai lita 20 cike da jiƙaƙƙiyar ƙasa yakan kai kilo 30 ko fiye, bokiti 30 ya doshi tan guda ke nan. Rufin kwano ba wurin lambu ba ne ko kaɗan. Soron laka mai azara shi ma a bar shi da shanyar hatsi, domin danshin kullum yana cin azara, a wayi gari rufi ya rufta. Wanda ya dace shi ne rufin kankare, shi ma sai magini ko injiniya ya duba. A jera manyan bokitai a kan layin bango da ginshiƙai, kada a tara su a tsakiyar ɗaki. A ɗora kowanne a kan bulo don iska ta ratsa ƙarƙashi, a bar indararo a buɗe. Wanda rufinsa kwano ne, tsakar gida da baranda sun ishe shi, sai ya ɗaga kayan a kan tebur. Ɗan haya kuma ya nemi izinin mai gida tukuna.

Ana rage nauyi tun wajen haɗa ƙasa. Kashi ɗaya ƙasar gona, kashi ɗaya ruɓaɓɓen taki, kashi ɗaya ɓuntun shinkafa ko dakakken ɓawon gyaɗa. Kashin zabi da na kaji yana da ƙarfi, in aka zuba shi ɗanye sai ya ƙone saiwa, don haka a bar shi ya daɗe a rami yana ruɓewa. Rawayar jarkar nan da muke kira galan Kufuor ta yi daidai. A yanke samanta, a wanke man da ya rage, a gasa ƙusa a huda ramuka a gefe, kamar yatsu biyu daga gindi, yadda ɗan ruwa zai kwanta a ƙasa, ragowar ya fita. Jarkar da ta taɓa ɗaukar maganin feshi ko baƙin mai, kada a kusance ta.

Na biyu ruwa, kuma a nan ne yawancin lambuna ke mutuwa. Daminarmu ɗaya ce, daga wajen Mayu zuwa Oktoba. Mutanen Salaga na da, da suka haƙa rijiyoyi barkatai don shayar da ayarin fataken goro, sun san gari ba ya zaunuwa sai an tanadi ruwa. Mutanen Yendi ma sun san yadda ake layin ruwa da rani. Ga lissafi: milimita ɗaya ta ruwan sama a kan murabba'in mita ɗaya lita ɗaya ce. Rufi mai murabba'in mita 50, a shekarar da aka sami milimita 900, yana zubar da lita 45,000 a kwata. Ba mai tankin da zai riƙe wannan duka, amma ko tanki ɗaya aka cika a ƙarshen Satumba an rage wahala. A rufe shi saboda sauro. Sai kuma ruwan da muke zubarwa kullum: na alwala, na wankin shinkafa, na wankin ganye. Mai omo ko gishiri kuwa a zubar da shi can. Da zafi, bokiti guda kan sha kamar lita biyu a yini, wato bokiti 20 jarka biyu ke nan kullum, kuma a kai za a hau da su. A fara da bokiti biyar. Kafin a ba da ruwa a tura yatsa cikin ƙasa, in ya fito da danshi a bari sai yamma.

Na uku zafi da iska. A Maris da Afrilu zafi kan haura digiri 40 a yankinmu, kankare kuma yana ƙara masa. Baƙar roba tana dafa saiwa, sai a naɗe ta da tsohon buhu, a rufe fuskar ƙasa da ciyawa, a kafa rumfar zana ta ɓangaren yamma. Zanar da aka kafa ta arewa maso gabas kuma ita ke tare iskar hunturu. A ɗaure ta da kyau kafin guguwar farkon damina.

Me za a shuka? Tumatir yana zubar da fure in zafi ya wuce kamar digiri 35, don haka lokacinsa hunturu ne, a dasa a Oktoba ko Nuwamba, tare da latas da albasa mai lawashi. Bazara ta alayyafo ce da ayoyo da rama da yakuwa da kuɓewa. Alayyafo yakan isa yanka cikin mako uku zuwa huɗu, kuma ya sake tohowa. Irin ayoyo yana da taurin ɓawo, sai a ƙulle shi a ƙyalle, a tsoma a ruwan zafi na 'yan daƙiƙoƙi, a shanya, sannan a shuka. Na'ana'a da ɗoɗɗoya ƙaramin kwano ya ishe su. Zogale yana zama a rabin duro in ana sare kansa. Lemun tsami ma haka, amma nauyinsa da shan ruwansa sun sa ya fi kyau a tsakar gida. In ƙwari suka sauka, a jiƙa dakakken 'ya'yan darbejiya su kwana, a tace, a fesa da yamma. Maganin feshin gona ba na saman ɗakin kwana ba ne. Kuma rufin da ba shi da katanga a gefe, yaro ba ya hawansa.

Ina da roƙo uku. Ga limamanmu: a tara ruwan alwalar masallaci a duro, a ba matasa su yi lambun gwaji. Ga ƙungiyoyin mata: a sa iri cikin adashi, kowacce ta bar tushe ɗaya ya yi 'ya'ya don baɗi. Ga matasa: tashar binciken aikin gona ta Manga tana kusa da Bawku, malaman gona na gunduma kuma aikinsu ke nan, ku je ku tambayi irin da ke jure zafinmu. Wanda ya gwada ya rubuta ranar shuka da ruwan da ya kashe da abin da ya yanka, domin in mun sake haɗuwa mu yi magana da lissafin da ya fito daga gidajenmu.

Allah Ya ba mu damina mai albarka, Ya zaunar da ƙasarmu lafiya.