Wa Ke Biyan Kuɗin Amfanin Kowa?



Akwai wata magana da kowannenmu ya sha ji daga bakin hukuma, wataƙila ma ya faɗe ta da bakinsa: "A yi haƙuri, don amfanin jama'a ne." Da ita ake ratsa gona da titi, ake rushe kasuwa, ake tayar da ƙauye. Sau da yawa gaskiya ce. Abin da nake so mu duba yau shi ne mutumin da ake ba wa haƙurin. Wane ne shi, kuma me ya sa kusan kullum daga ƙananan al'ummomi yake fitowa?

Wannan magana tana da malamanta a fagen falsafa. Jeremy Bentham, Baturen Ingila da ya rayu daga 1748 zuwa 1832, shi ya shimfiɗa ta a littafinsa na 1789 kan ginshiƙan ɗabi'a da kafa doka. A wurinsa, aiki na ƙwarai shi ne wanda ya fi jawo jin daɗi, ya fi rage wahala, in aka haɗa dukkan waɗanda abin ya shafa. A auna, a tara, a ɗebe, inda ya rinjaya nan ne daidai. Zan kira ta falsafar auna amfani.

Kada mu yi gaggawar yi mata mummunan zato. A zamanin Bentham, laifuffukan da dokar Ingila ta yanke wa hukuncin kisa sun kai kusan 200, har da satar kayan sule biyar a kanti. Shi kuwa ya tambayi masu doka: wannan azabar, wa ta amfana? Ya kuma dage cewa a wajen awo, wahalar bawa da ta basarake nauyinsu ɗaya. John Stuart Mill, wanda ya gaji wannan tunani, ya tsaya a majalisar dokokin Ingila a 1867 yana neman a ba mata damar jefa ƙuri'a. Da gwamnan Jamaika, Edward Eyre, ya sa aka kashe baƙaƙen fata fiye da 400 bayan boren 1865, Mill ne ya jagoranci masu neman a gurfanar da shi. Duk ma'aikacin lafiyar da ya zaɓi sayen allurar rigakafi ga yara dubu maimakon na'ura guda mai tsada, da wannan ma'auni yake aiki, kuma ya yi daidai. Gwamnatin da ba ta lissafin amfani da illa, ɓarna kawai za ta yi.

Matsalar tana cikin tarawar. Idan aka zuba daɗin mutum miliyan da baƙin cikin mutum dubu a ma'auni ɗaya, dubun nan sun faɗi tun kafin a fara awo. Mu kan ce sarkin yawa ya fi sarkin ƙarfi, muna nufin yabon haɗin kai. Amma ku tambayi wanda ke cikin 'yan kaɗan yadda wannan karin magana ke sauka a kunnensa.

Bari in ɗauko misali guda in daɗe a kansa, domin misali ne da lissafin ya fita daidai, kuma irinsa ya fi wuya.

A 1960 Masar ta fara gina babbar madatsar ruwa ta Aswan a kan kogin Nilu, ta kammala a 1970. Ba na jin mai adalci zai ce aikin banza ne. Madatsar ta kawo ƙarshen ambaliyar da ke cin garuruwa, ta ba da damar noma sau biyu ko uku a shekara, ta kai lantarki ƙauyukan da ba su taɓa gani ba, da injuna masu ƙarfin megawat 2,100. Da fari ya afka wa yankin a shekarun 1980, lokacin da Habasha da Sudan da mu nan Sahel muka ɗanɗana kuɗarmu, ruwan da aka tara a bayan madatsar ne ya tsare Masar daga yunwa. In Bentham ya zo da ma'auninsa, zai ce a gina. Ni ma zan ce a gina.

To amma tafkin da ya taru a bayanta, mai tsawon kusan kilomita 500, a kan ƙasar Nubiyawa ya kwanta. Mutane ne masu harshensu da tarihinsu, waɗanda suka zauna a gaɓar Nilu shekaru dubbai, wasu a kudancin Masar, wasu a arewacin Sudan. Kimanin mutum 100,000 aka tayar. Na Masar aka kai su yankin Kom Ombo a 1963 da 1964, nesa da bakin kogi, cikin gidajen da wasu ba a ma gama ba. Na Sudan, mutanen Wadi Halfa, aka loda su a jirgin ƙasa zuwa Khashm el-Girba a gabashin ƙasar, tafiyar ɗaruruwan kilomita, wurin da yanayinsa da ƙasarsa da nomansa duk baƙi ne a gare su. An tambaye su inda suke so, suka fi karkata ga kusa da Khartoum, gwamnatin Janar Abboud ta zaɓi wani wuri dabam. Sun bar itatuwan dabinon da kakanni suka dasa, sun bar maƙabartunsu a ƙarƙashin ruwa. A wata yarjejeniya ta 1959 tsakanin ƙasashen biyu, Masar ta amince ta biya Sudan fam miliyan 15 na diyya.

Ga abin da ya fi tsaya mini a rai. A daidai wannan lokaci UNESCO ta yi shelar ceto kayan tarihin Nubiya. Ƙasashe da dama suka ba da gudummawa, aka yanka gine-ginen dutse na Abu Simbel gunduwa-gunduwa, aka ɗaga su sama, aka sake haɗawa tsakanin 1964 da 1968, a kan kuɗi kusan dala miliyan 40. Na yi murna da aka cece su. Amma duniya ta nuna cewa in ta damu da abu, tana da dabara da kuɗin da za ta tsare shi, kuma irin wannan kulawa ba ta kai ga mutanen da ke zaune a gefen duwatsun ba. Sai a 2014 tsarin mulkin Masar, a sashe na 236, ya yi alkawarin ayyukan da za su mayar da Nubiyawa yankunansu na asali cikin shekara goma. Shekara goman sun cika, komawar ba ta tabbata ba.

Ku lura da inda ma'aunin ya gaza. Ya amsa tambaya ɗaya, wato ko a gina madatsar. Bai ce komai ba game da wanda zai ɗauki asarar, ko an nemi yardarsa, ko nawa za a biya shi, ko zai samu rabo daga lantarkin da aka samar da ƙasarsa. Jimilla ba ta da sunaye a cikinta. Idan aka samu ribar ɗari da asarar goma, saura tasa'in, ko goman nan an raba ta kan kowa da kowa, ko an jibga ta duka a kan gida ɗaya.

Wannan shi ne ƙorafin John Rawls, malamin falsafa na jami'ar Harvard, a littafinsa kan adalci na 1971. Ya ce mutum ɗaya yana da ikon wahalar da kansa yau don ya ji daɗi gobe, tunda mai wahalar shi ne mai morewar. Al'umma kuwa ba mutum ɗaya ba ce. Wanda aka tayar daga Wadi Halfa dabam, wanda fitilarsa ta kama a Alƙahira dabam. Sai ya kawo gwaji: a ce za ka tsara dokokin ƙasa alhali ba ka san wa za ka zama a cikinta ba, ba ka san ƙabilarka ko addininka ko arzikinka ba. Da wuya ka sa hannu a kan dokar da ta halatta a sadaukar da 'yan kaɗan, domin kana iya farkawa ka tarar kai ne.

Masu kare Bentham suna da amsa, kuma ba ta raini ba ce. Suna cewa in aka yi lissafin da kyau, zaluntar tsiraru ba ta taɓa yin riba, domin tana haifar da gaba da tsoro da rikicin da zai ci kowa. Mill da kansa, a littafinsa kan 'yanci na 1859, ya yi kashedi mai ƙarfi game da danniyar masu rinjaye. Na yarda sau da yawa haka ne. Amma wannan kariya ta dogara ne ga tsiraru su iya tayar da ƙura. Al'ummar da ta yi ƙanƙanta, ta yi nisa da birni, ba ta da jarida ba ta da ɗan majalisa, ana iya taka ta a wuce lafiya, lissafi kuma ya fita. Sannan wa ke riƙe da ma'aunin? Mill ɗin nan da ya yi kashedi, shekara 35 ya yi yana aiki da kamfanin da ke mulkin Indiya, kuma ya rubuta cewa ƙa'idarsa ta 'yanci ba ta hau kan al'ummomin da yake gani ba su waye ba. Mai awo yakan ga nauyin abin da ya sani, ya raina wanda bai sani ba. Jami'in da ke ofis ya san farashin buhun siminti, bai san abin da kabarin uwa yake nufi ga wanda za a raba da shi ba. Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo.

Malaman Musulunci sun riga Bentham shiga wannan fage da ƙarnoni, a babin maslaha. Imam Gazali, wanda ya rasu a 1111, ya tattauna shi a littafinsa Al-Mustasfa. Ya kawo misalin jirgin ruwa da ke shirin nutsewa: shin a jefa mutum ɗaya cikin teku don saura su tsira? Ya ce bai halatta ba. Haka kuma ya ƙi yarda a daki wanda ake tuhuma da sata don ya amsa laifi, domin yana iya zama marar laifi. Inda ya buɗe ƙofa, ya gindaya sharuɗɗa masu tsauri: larurar ta zama ta gaske, ta zama tabbatacciya, ta kuma shafi al'umma baki ɗaya. Gazali bai hana duba maslaha ba. Ya dai gane cewa kalmar tana da sauƙin faɗa a bakin mai iko, don haka ya kewaye ta da shinge.

Mu dawo gida, domin ba mu da bakin yi wa Masar gori. Madatsar Kainji da aka gama a 1968 ta tayar da mutum fiye da 40,000, ta nutsar da tsohon garin Bussa. A Bakolori, kusa da Talata Mafara, manoman da suka fito neman diyyar gonakinsu sun gamu da harsashin 'yan sanda a watan Afrilun 1980. Hukuma ta faɗi adadi kaɗan, manoma da masu bincike suka ce ɗaruruwa ne suka mutu. Abuja, wadda dokar soja ta 1976 ta kafa don ta zama birnin kowa, a kan gonakin Gbagyi da maƙwabtansu aka gina ta, kuma har yau maganar sake tsugunar da su ba ta ƙare ba. Dokar mallakar ƙasa ta 1978 ta ba gwamna ikon karɓe fili don amfanin jama'a, diyyar kuma ta amfanin gona ce da gini, ban da ƙasar kanta. Manomin da aka biya kuɗin dawar shekara ɗaya, an raba shi da abincin jikokinsa.

Tun kafin 'yancin kai an san da tsoron danne 'yan kaɗan. Hukumar Willink da Turawa suka kafa a 1957 ta zagaya ƙasar nan tana sauraron koken ƙananan ƙabilu. A rahotonta na 1958 ba ta goyi bayan ƙirƙiro sababbin jihohi ba, ta ba da shawarar a rubuta haƙƙoƙin ɗan'adam cikin tsarin mulki. Daga nan suka shiga na 1960, suna nan kuma a babi na huɗu na tsarin mulkin 1999, inda sashe na 42 ya hana wariya, na 44 ya wajabta biyan diyya ba tare da jinkiri ba. Hikimar ita ce a ɗauke wasu abubuwa daga kan ma'auni gaba ɗaya. Ran mutum, da addininsa, da daidaitonsa a gaban shari'a, ba a jefa ƙuri'a a kansu.

Ina so in yi magana da mu Hausawa musamman, kuma da zuciya ɗaya nake yi. A Kano da Katsina da Damagaram mu ne masu yawa, kuma mai yawa yakan manta akwai wani a gefensa. Amma a Sabo ta Ibadan, da zangon Kumasi, da unguwannin Hausawa a Sudan da Kamaru, mu ne 'yan kaɗan. Da gwamnatin Busia ta Ghana ta ba baƙi marasa takardu mako biyu su fice a ƙarshen 1969, da sunan kare ayyukan 'yan ƙasa, akwai 'yan'uwanmu cikin waɗanda suka bar gidaje da shaguna. A 1983 Najeriya ta yi wa 'yan Ghana kusan miliyan ɗaya irin wannan kora, da irin wannan hujja. Gwajin Rawls a wurinmu ba tatsuniya ba ce, mun zauna a ɓangarorin biyu. Duk haƙƙin da muke nema wa ɗan'uwanmu a zango, wajibi ne mu ba Bamaguje da Bakatafe da Kiristan da ke zaune a tsakiyarmu, da makiyayin da aka nome masa burtali.

Ɗalibai, da yawanku gobe ku ne za ku zauna a ma'aikatun filaye da na ruwa da na ayyuka. Fayil zai zo gabanku ɗauke da adadin waɗanda za su amfana. Ku yi lissafin, ku yi shi da gaskiya. Amma kada ku sa hannu sai kun ga shafin da ya faɗi su wane ne za su yi asara, ƙauye ƙauye. Ku je ku zauna da su kafin a zana taswira, da harshensu, har da matansu. Ku tabbatar an biya su kafin katafila ta iso, an ba su ƙasa a madadin ƙasa, an kuma sa su a sahun farko na masu cin moriyar ruwan da wutar. In aikin ba zai iya ɗaukar wannan kuɗi ba, to ku rubuta wa na sama da ku cewa ribar da aka lissafa ba ta gaskiya ba ce, daga aljihun marasa ƙarfi aka ciro ta.