Itatuwan Burtali Su Ne Shaidunmu: Jawabi Ga Taron Makiyaya Da Fataken Shanu

  

Jama'a, maganarmu ta yau a kan itatuwa ce. Bayan girbi mun taka wani burtali na jihar Maraɗi da ƙafa, tare da dattawa biyu, domin mu ga iyakokinsa. Ba takarda suka riƙe ba. Da itace suke gane hanya: ga tsamiyar da ake zango, ga kukar mararraba, ga jerin gawo da ya raba burtali da gonaki. Da muka iso inda aka sare gawon, sai dattawan suka tsaya suna gardama, kowa na nuna wuri dabam. Gona kuwa ta riga ta ci rabin hanyar.

Wannan ya tuna mana da itacen Tenere, wanda ya tsaya shi kaɗai cikin hamada a kan hanyar ayarin gishiri tsakanin Agadas da Bilma. Masu raƙuma sun daɗe suna gane hanya da shi, ba su sare reshensa don dafa shayi. A shekarar 1973 wata babbar mota ta kaɓe shi. Gangar jikinsa tana gidan tarihi na Yamai, an kafa na ƙarfe a gurbinsa. To, na ƙarfe yana nuna hanya, amma ba ya ba da inuwa, akuya ba ta cin ganyensa.

Namu itatuwan aiki biyu suke yi: alama ce, kuma abinci ne. Gawo yakan zubar da ganye da damina, ya yi kore da rani, 'ya'yansa su zubo daidai lokacin da ciyawa ta ƙare. Aduwa da magarya suna riƙe awaki da raƙuma. 'Ya'yan kalgo kuwa har kasuwa ake kai su. Inda muka ga garmani ya mamaye fili, gamba ta ɓace, mun san kiwon wurin ya gaji.

Doka tana bayanmu. Kundin dokokin karkara na 1993 ya amince da hanyoyin dabbobi da filayen kiwo, ya kuma kafa kwamitocin ƙasa da ake kira Kofo. Dokar kiwo ta 2010 ta ƙara tabbatar da 'yancin makiyayi na yawo da dabbobinsa. Amma in Kofo ta zo ta ce a nuna iyaka, me za mu nuna in alamar ta zama gawayi?

Mu faɗa wa kanmu gaskiya, ba manoma da masu itacen wuta kaɗai ke da laifi ba. Yaranmu sukan hau gawo da gatari su aske shi ƙwal saboda kiwon yini guda. Manoman Maraɗi tun wajen 1983 suka koma barin toho yana girma cikin gonakinsu, har itatuwa suka dawo. Abin da manomi ya iya, makiyayi ma zai iya.

Saboda haka roƙonmu uku ne. Na farko, kowane ardo ya haɗa samari da dattawa su taka burtalinsu kafin damina, a koya wa yara sunan kowane itace da kowace rijiya. Na biyu, a rubuta alamomin nan a kai wa Kofo, a nemi a kafa turakun siminti kusa da su. Na uku, in za a sassabe wa dabbobi, a rage reshe, kada a taɓa kan itace.

Ku kuma fatake, wannan hanyar ce shanunku ke bi zuwa kasuwa. In ta toshe, kuɗin mota da tarar ɓarna a kanku za su faɗa. Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka, a sa hannu tare da mu.

Allah ya ba mu damina mai albarka, ya kare mu da dukiyarmu.