Shugaban Ƙasa a Littafin Yara: Hoto Ma Amana Ne



A Amurka yaro kan san fuskokin shugabannin ƙasarsa daga littafi mai hotuna tun bai iya haɗa baƙi ba. Matsayina shi ne, marubucin irin wannan littafi yana da damar taƙaita tarihi, amma ba shi da damar sauya shi. Matsalar ta daɗe. Labarin nan da ake ba yara, wai Shugaba George Washington, yana yaro, ya sassari bishiyar mahaifinsa da ɗan gatari sannan ya amsa laifinsa, Mason Weems ne ya shigar da shi cikin littafinsa a 1806, ba tare da wata hujja ba. An shekara fiye da 200 ana koya wa yara gaskiya da ƙagaggen labari.

Abin ya fi muni idan ƙaryar ta koma cikin zane. A Janairun 2016 kamfanin Scholastic ya fitar da A Birthday Cake for George Washington, labarin Hercules, bawan da ke dafa wa Washington abinci. A shafukan, ga shi nan da 'yarsa Delia a ɗakin girki suna ta murmushi, babbar damuwarsu sukari ya ƙare. Alhali Hercules guduwa ya yi daga bauta ranar 22 ga Fabrairu, 1797, ranar da ubangidan nasa ya cika shekara 65. An ambaci gudun a bayanin ƙarshen littafi, to amma wane ɗan shekara biyar ne ke karanta wannan? Murmushin ya gani, shi zai riƙe. Cikin mako biyu kamfanin ya janye littafin, kuma daidai ya yi.

Wani zai ce yaro bai kai ɗaukar ɗacin tarihi ba, kuma fallasa shugabanni na zubar da girman mulki a idonsa. Na yarda da rabin maganar. Littafin Abraham Lincoln na Ingri da Edgar d'Aulaire, wanda ya ci lambar yabon littattafan yara masu hotuna ta Caldecott a 1940, ya tsaya kafin kisan Shugaba Lincoln. Wannan taƙaitawa ce, ana iya cike ta idan yaro ya tasa. Sauran rabin kuwa, littafin So You Want to Be President? na Judith St. George ya amsa shi. A ciki David Small ya zana tsoffin shugabanni Nixon da Clinton, waɗanda abin kunya ya shafi mulkinsu, suna saukowa daga matakalar ginin tunawa da Lincoln, kawuna a sunkuye. Yaro ya gane cewa kujerar ta fi mai zama a kanta girma, kuma wanda ya ci amana yakan ji kunya. Littafin ya ci Caldecott a 2001.

Don haka, malamai da iyaye, kafin ku miƙa wa yaro irin wannan littafi, ku rufe rubutun da tafin hannu, ku dubi hotunan kaɗai. Idan sun faɗi abin da tarihi ya ƙaryata, ku mayar da shi kan kanta.