Icce Tun Yana Ɗanye

Jama'a, yau maganarmu a kan ajin ƙananan yara ce, 'yan shekara huɗu zuwa biyar. Mu da muka fara karatu da furfura mun san wahalarsa. Kada mu bari 'ya'yanmu su sha irinta.

Da fari, karatu. Yaro ya zana baƙi a ƙasa da yatsa kafin ya riƙe alli. Mu soma da wasula biyar: a, e, i, o, u. Mu lura da baƙaƙe masu ƙugiya, gama "kafa" daban, "ƙafa" daban.

Na biyu, lissafi. Mu ba yaro gyaɗa goma, ya kasa ta kashi biyu, ya ƙirga biyar biyar. Abin da hannu ya taɓa, kai ba ya mantawa.

Na uku, bukukuwa. Yaro zai tambayi dalili, to, mu gaya masa. Ragon Babbar Salla, ran 10 ga Zulhajji, tunawa ne da Annabi Ibrahim. Hutun 1 ga Oktoba kuwa, ranar ce Nijeriya ta sami mulkin kai a 1960.

Amma ban da duka. Yaron da ya tsorata ba ya riƙe karatu. Icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi, a hankali, kada ya karye.