Ladan Makiyayi: Dabba Ko Takardar Kuɗi?

Jawabin da aka gabatar a taron makiyaya da fataken shanu a Hajj Yusuf

 

Abin da ya tara mu yau shi ne maganar lada. Yaron da ya wuni da garke a rana, ko ya kwana tatsa a zaribobin Hillat Kuku, da me ya kamata a biya shi, da kuɗi ko da dabba?

Iyayenmu da suka taso daga ƙasar Hausa da Adamawa suka zauna Maiwurno da bakin Kogin Nilu ba su san albashin wata ba. Makiyayi yakan yi watanni yana kiwo, a ba shi ɗan maraƙi ko karsana. Mata su kai nono su dawo da dawa, wato furfure, ba ni gishiri in ba ka manda. Da haka bara yake zama mai garke. Da muka shigo birni sai aka ce wannan ƙauyanci ne, kowa ya koma fam.

To, jama'a, mu duba abin da fam ya yi mana. Tsakanin 1991 da 1996 tsadar kaya ta haura kashi 100 cikin 100 a yawancin shekarun. A 1992 aka kawo dinari, ɗaya a bakin fam 10. A 2007 aka dawo da sabon fam, ɗaya a bakin dinari 100. A watan Fabrairu na 2021 gwamnati ta karya darajarsa, dala ɗaya ta tashi daga fam 55 zuwa 375 a rana guda, tsadar kaya kuwa ta wuce kashi 300 a shekarar. Wanda aka yanka wa lada da kuɗi a farkon damina, kafin kaka kuɗin ba sa sayen rabin buhun da ya yi tsammani. Wanda aka ba karsana kuwa, tana nan tana girma.

Da yaƙi ya ɓarke ran 15 ga Afrilu, 2023, bankunan Khartum suka rufe, takardar kuɗi ta yi wuya. Mutane suka dogara ga Bankak a waya, har layukan waya suka ɗauke a Fabrairun 2024. A ƙarshen wannan shekara aka canza takardun 500 da 1,000, masu tsofaffi a inda ba banki suka rasa yadda za su yi. A lokacin mai akuya da mai mudun dawa su ne masu abin hannu.

Amma kada mu ruɗi kanmu, dabba ma tana da ranarta. Dattawan nan sun tuna farin 1984 da 1985, lokacin da mutanen Kurdufan da Darfur suka cika Muwailih a yammacin Umdurman. Farashin shanu ya faɗi warwas, na hatsi ya yi sama, saniya ba ta cika buhu. A yaƙin nan kuma an kore garake da bakin bindiga. Ban da haka, ba a biyan likita da ƙafar maraƙi.

Babbar cutar ma ba daga nan take ba, daga bakin da ba a ƙulla ba take. Mai shanu ya ce "zan ba ka wani abu", shekara ta zagayo, ya zaɓo ramamme ya miƙa. Ko ya ce abin da ke cikin waccan saniya naka ne, ta yi ɓari, yaro ya tashi a tutar babu. Malamanmu na Malikiyya sun bayyana cewa dole ladan aiki ya zama sananne tun farko, kuma ba a cinikin abin da ke ciki. Yarjejeniya ta 95 ta Ƙungiyar Ƙwadago ta Duniya, ta 1949, ita ma ta yarda a biya wani sashe na lada da kaya, muddin an ƙiyasta shi da adalci.

Saboda haka ga shawararmu:

Na ɗaya, a raba lada biyu: dabba a ƙarshen wa'adi, kuɗin kashewa kowane mako.

Na biyu, a faɗi irin dabbar, mace ko namiji, da shekarunta, in da hali a nuna ta a yi mata shaida.

Na uku, a faɗi wanda zai ɗauki asara in ta mutu ko an sace kafin wa'adi.

Na huɗu, in da hatsi za a biya, a ambaci awo, kada a ambaci farashinsa.

Na biyar, a rubuta, da Larabci ko ajami ko boko, gaban shaidu biyu da sarkin kara.

Ku masu shanu, ku tuna yawancinku da maraƙin lada kuka fara. Ku kuma samari, kada kunya ta hana ku tambaya tun ranar farko, domin hana wani hana kai ne, kuma magana a gaban shaidu ba rashin ladabi ba ce.

Allah ya ba mu zaman lafiya, ya albarkaci dukiyarmu, ya mai da kowa gidansa lafiya. Wassalamu alaikum.